Fitsarin Gimbiya

Ku yaran nan da ake turo mana daga makaranta ku koyi aiki, ina lura da ku. Kuna zuwa da farar riga a goge, biro uku a aljihu, kuna ganin aikin dabbobi bai wuce mutum ya zuƙi magani a sirinji ya tsira wa akuya a cinya ya kama gabansa ba. Jiya ma da kunnena na ji ɗayanku yana cewa namu ya fi na likitan mutane sauƙi, wai tunda akuya ba ta kai ƙara kotu. To, ku matso da bencin nan. Likitan mutane yana tambayar mara lafiya ina ke ciwo, ya nuna masa da yatsa. Mu namu mara lafiyar ba ya magana, mai shi kuma da ke maganar, rabin abin da zai faɗa ba haka aka yi ba. A tsakanin bebe da mai ɓoye-ɓoye za ku nemi abincinku, in har kun zauna a sana'ar.

Ni ɗan makiyaya ne, a wata ruga da ke bayan Miri aka yanke mini cibiya. Wanda ya koya mini aiki wani tsohon malamin dabbobi ne, Malam Garba, Allah ya ji ƙansa, mai yawo ruga-ruga a kan wani babur da sai an tura shi yake tashi. Ni ne mai turawar. A shekarar farko ban taɓa sirinji ba sai in za a dafa shi, don na lokacin na ƙarfe ne da gilas, a tukunya ake tafasa shi kamar dankali. Aikina riƙe wutsiya, ɗaure ƙafa, da shan harbi. Ranar da ya fara miƙo mini ma'aunin zafi ya ce in auna wata saniya, na ɗaga wutsiya na zura, na juya ina gyara hula don 'yan matan rugar su ga likita. Ko da na waiwayo, babu ma'auni. Saniya ta shanye shi ta baya. Malam Garba ya nemi inuwa ya zauna, aka kawo masa kindirmo. Ni kuwa na yini ina bin saniya duk inda ta sa ƙafa, ina jiran ta dawo mini da kayan gwamnati. Shi ya sa kuke ganin zare ɗaure a jikin ma'aunina har yau. Ba ado ba ne.

Daga baya na shiga makaranta na samo takarda, na yi aikin gwamnati iya abin da Allah ya ƙaddara, sannan na buɗe wannan shagon a Ɗan Iya. Kaji ne suka riƙe ni a lokacin: rigakafi, maganin tsutsa, yanke baki. Sai shekarar da murar tsuntsaye ta shigo gari. Gidan gonar da jiya kake shiga ba ka jin maganar wanda ke kusa da kai don kukan kaji, yau ka shiga tsit, sai warin maganin feshi. Masu kaji suka watse, wasu suka koma acaɓa. Na zauna a nan inda kuke zaune ina korar ƙuda daga kan kwalaben da ba mai saye. A wannan shekarar ce masu sababbin gidaje a gefen gari suka fara kirana in yi wa karnukan gadinsu allurar haukan kare. Na je wurin limamin unguwarmu na tambaya, ya ce tausayin dabba ba zunubi ba ne, in wanke hannu in canza riga. Uwargidana ta ƙara nata sharaɗin: ta kafa ƙusa a zaure, ta ce rigar karnuka nan ne iyakarta. Yara kuma suka raɗa mini suna Likitan Karnuka, har yau in na wuce majalisa akwai mai yin haushi ƙasa-ƙasa.

To, duk karnukan da na taɓa, manya ne, irin waɗanda sai mutum biyu sun danne. Ban san akwai ranar da wata 'yar mitsitsiya za ta sa ni rarrafe ba.

Wata safiya keke ya tsaya a ƙofar nan, wani dattijo dogo ya fito rungume da kwalin taliya, matarsa tana biye da shi. Baba Iliya ke nan, tsohon hedimasta, mutumin wajen Bogoro, dattijo a cocinsu, ya yi ritaya ya gina gida a Tirwun. Matarsa Mama Saratu gajeriya ce mai jiki, mai fara'a. Ya dire kwalin a kan teburina kamar mai kawo kayan da ya saya ya ga ba su da kyau.

Ya ce, "Likita, ga wannan abin. Ka yi masa allura ɗaya mai ƙarfi in koma gida."

Na buɗe kwali. Wani curin farin gashi ya ɗago ya dube ni da ido biyu kamar maɓalli. Na ɗauka zomo ne. Sai da ya yi wani ɗan haushi kamar atishawa na gane karya ce.

"Yaya sunanta?"

Mama ta ce, "Gimbiya."

"Me ke damunta, Baba?"

"Rashin tarbiyya."

Ya shiga lissafa laifuffukanta a tsaye, kamar a taron safe na makaranta. Ta yi fitsari a kan darduma. Ta yi a cikin silifas ɗinsa. Ta yi a ƙofar kicin. Fasto ya zo ziyara ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya fito ya tarar an riga shi. Kuma duk wannan ɓarnar, in ji shi, ba wani fitsarin kirki ba ne, tsuguno goma ɗigo uku. Mama ta ce in ta tsuguna tana ɗan kuka, kuma jiya ta ga abin da ya fito ya yi ja-ja kamar ruwan wankin nama. Da ba ta taɓa yin haka ba, ita ce ma mai zuwa ta karci ƙofa in tana so ta fita.

Ku riƙe wannan: dabbar da ta san inda ake fitsari ta dawo tana yi a ko'ina, ba raini ba ne, ciwo ne. Sannan ku yi tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma kada ku yarda da amsar farko.

"Baba, kun ba ta wani magani?"

"Ko ɗaya."

Mama ta ce, "Ja-da-yalo ɗin fa?"

"Wannan ai ba magani ba ne, kafso ne."

Ashe ya je kemis ya sayo ja-da-yalo, yana buɗe kafso yana ba ta rabi, yau ya ba ta, gobe ya manta. Maƙwabcinsu ya ce ruwan kanwa, aka ba ta. Wata mata ta ce ciwon sanyi ne, aka sayo wani jiƙo a wurin mai mota da lasifika a kasuwar Wunti, ta shinshina ta gudu ƙarƙashin gado, wanda shi ne hankalin da aka fi yi a gidan a satin. Sai Baba ya zaro katin maganin ciwon jikin da yake sha don gwiwarsa, ya ce da ma yana shirin gwada wannan in allurata ba ta yi ba. Na karɓe katin na ce, "Baba, wannan da ke sauƙaƙa maka gwiwa, ita ƙodarta zai lalata. Da ka ba ta, da ba kwalin taliya za ka nema ba, fartanya za ka nema." Ya mayar da kati aljihu.

Na ɗauko takunkumi, mafi ƙanƙanta da nake da shi, sai kanta gaba ɗaya ya shige ciki har kunnuwa. Dole na ɗaure bakin da ɗan bandeji. Zafin jikinta bai hau sosai ba. Na lalubi mararta da yatsa biyu, mafitsarar ƙarama, a ɗaure kamar goro, ina taɓawa ta zabura. Na ce musu abu huɗu ne ke zuwa da irin wannan kama: ƙwayar cuta a mafitsara, ko tsakuwa, ko ciwon sukari, ko mahaifa ta tara ruwa. Rigarsu ɗaya, amma maganin wannan ba ya yi wa wancan. Dole sai na ga fitsarin tukuna. Kafin nan kuma sai na san nauyinta, don maganin dabba da nauyi ake ba da shi. Saniya in ka ɗan zarce ba za ta sani ba. Wannan kuwa, tsakanin warkewa da mutuwa bai fi ƙwayar gero ba.

Saniya da tef muke auna ta, mu zagaye ƙirji. Gimbiya kuwa tef ɗin sai ya zagaye ta sau uku. Na jawo sikelin da ake hawa, na ɗora ta, ta dira. Na sake ɗorawa, ta sake dira. Na ce to, mutum ya hau rungume da ita, sannan ya hau shi kaɗai, a debe. Na dubi Baba.

Ya ce, "Ni? Ban taɓa ɗaukar wannan abin da hannuna ba, ba kuma yau zan fara ba."

Ya rage Mama. Ta dubi sikeli, ta dube ni, ta dubi mijinta. Ta ce za ta hau, amma kowa ya juya baya, ita za ta karanta da kanta ta faɗi abin da ya rage. Muka juya muna kallon bango kamar masu laifi. Muka ji sikeli ya yi ƙara sau biyu. Can ta ce, "Kilo goma sha bakwai."

Na ce, "Mama, in lissafin nan daidai ne, ba karya kuka kawo mini ba, tunkiya ce."

Abin da ya faru, na farkon ta karanta gaskiya, da ta zo nata ita kaɗai sai ta yi wa kanta rangwame, rangwamen kuma duk ya hau kan Gimbiya. Baba, mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyar da lissafi, ya kasa jurewa. Ya ce, "Saratu, sauka, kina ɓata mini suna." Ya sunkuya ya ɗauki Gimbiya ya hau. Yana ɗaukarta ta juya, ta cusa kai a hammatarsa, ta lumshe ido, ta sauke ajiyar zuciya. Ba lalube ta yi ba, kai tsaye ta nufi wurin.

Mama ta ce, "Ka gani ko, Likita? Wanda bai taɓa ɗauka ba ke nan."

Baba ya ce, "Kilo huɗu da rabi," bai dubi kowa ba.

Yanzu sai fitsari. Akwai hanyar zuƙo shi da allura kai tsaye daga mafitsara, ita ta fi tsabta, amma mafitsarar da ake matsewa kowane lokaci babu abin da za ka zuƙo, kuma ina ambaton allura a ciki Mama ta dafe ƙirji. Na ce zan zo da safe mu tari na farko. Babban kare sai ka tura masa kwano. Gimbiya in ta tsuguna, tsakaninta da ƙasa bai kai faɗin yatsa biyu ba.

Na isa Tirwun da sassafe. Muka gwada murfin kwalba, ya yi ƙanƙanta. Muka gwada faranti, ta ɗauka abinci ne ta tsaya tana lasa. Idona ya faɗa kan wani ludayin ƙarfe mai faɗi a kwandon wanke-wanke. Mama ta ce, "A'a, Likita, wannan da shi aka kawo ni gidan nan." Baba ya ce, "Ya yi hidimarsa, a yi masa ritaya." Aka tafasa ludayi, na ɗaure shi a bakin sandar mofa, aka buɗe wa Gimbiya ƙofa.

Ta fito tsakar gida. Ina biye da ita da ludayi, Baba yana biye da ni da kwalba, Mama tana biye da Baba tana ba da umarni. Gimbiya ta tsaya ta waiwayo ta ga manya uku a bayanta, kowa ya sunkuya. Karyar da ta kwana biyu tana fitsari a takalmin kowa, ranar nan ta rantse ba za ta yi ba. Ta zagaya bishiyar gwaba, muka zagaya. Ta shiga bayan tankin ruwa, muka tsaya muna leƙe. Baba ya yi fito. Mama ta ɗauko buta tana tsiyayar da ruwa a ƙasa don ta ji ƙara ta yi sha'awa. Maƙwabcin nan mai shawarar kanwa ya leƙo ta katanga da asawaki a baki ya ce, "Lafiya, Baba? Wani abu ya faɗi?" Baba ya ce, "Mutuncina."

Can ta tsuguna. Na zura ludayi a hankali. Ƙarfe ya taɓa mata cinya, ta yi tsalle kamar an ɗana mata wuta, ɗigon da muke nema ya faɗa ƙasa ya shanye. Ta sake tsugunawa, na sake zurawa, ta sake tsalle. Na ce a raina, tsuguno bai ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Baba ya ce, "Ba ni nan. Kai baƙo ne, kunyarka take ji."

Ya kwance ludayin daga sanda, ya ɗumama shi a tafin hannu. Ya sa mu koma bakin kicin. Dattijon nan, da singileti da zani a ƙugu, da gwiwar da ke masa ciwo, ya durƙusa ya shiga rarrafe a bayanta yana rera wata waƙar coci ƙasa-ƙasa da harshensu. Gimbiya ta sassauta kunne. Ta ɗan taka, ya ɗan rarrafa. Ta tsuguna, bai fasa waƙa ba, hannunsa ya shige ƙarƙashinta kamar na mai satar ƙwai. Da ya miƙe, akwai abin da bai fi cokali guda ba a cikin ludayi, ya ɗaga shi sama yana takowa a hankali, fuskarsa kamar ta wanda makarantarsa ta ciyo kofi. Maƙwabci ya tafa daga kan katanga.

A nan shagon na tsoma tsinken gwaji. Wurin jini ya canza launi, wurin sukari bai motsa ba, na ce alhamdu lillahi, ɗaya ta fita. Na ɗiga kaɗan a gilas na sa a wancan tsohon madubin ganin ƙwayoyin cuta da kuke rainawa, mai aiki da hasken rana. Ga ƙwayoyin mugunya, ga ƙwayoyin cuta suna iyo, babu yashin da ke nuna tsakuwa. Mahaifa kuma na riga na duba, lafiya lau. Ciwon mafitsara ne.

Nan ne aikin yake, inda ba a koyar da shi a allo. Hanya biyu ce. Ko in ba da maganin da ya saba yi in jira in gani, ko a kai sauran fitsarin ɗakin gwaji a shuka shi. Shukar ita ce a shafa shi a wani faranti a ajiye a wuri mai ɗumi, ƙwayoyin su tsiro, a jera musu magunguna a ga wanne ke kashe su. Da karyar da ba a taɓa ba wa komai ba ce, da na bi hanyar farko, ta fi sauƙi ga aljihun mai ita, kuma sau da yawa tana yi. Amma wannan an yi ta ba ta ja-da-yalo rabi-rabi. Na ce, "Baba, ƙwayar cuta ɗaliba ce. In ka ba ta rabin magani, ba kashe ta ka yi ba, darasi ka koya mata. Yanzu ban san ajin da ta kai ba."

Ya ce, "Ni da na yi wa gwamnati aiki har ritaya ba a taɓa shuka fitsarina ba, sai na kare? Da ɗan fanshon nawa?"

Mama ba ta ɗaga murya ba. Ta ce mini, "Likita, ta 'yarmu ce, Na'omi. Nas ce, ita ta kawo ta daga Jos. Da ta kwanta ciwo, a gefen gadonta take kwana har ranar da Ubangiji ya kira ta. Ita ta rage mana."

Baba ya dubi titi. Ya miƙo hannu ya ce, "Ba ni kwalbar."

Da ni zan kai, to sai aka kira ni Miri wata saniya ta kasa haihuwa. Na ba Gimbiya maganin da zai riƙe ta kafin sakamako ya fito, na kwatanta wa Baba wani ɗakin gwaji na mutane a cikin gari da sukan karɓi namu, na ce ya faɗa musu na karya ne. Abin da ya biyo baya daga bakinsu na ji shi, kowa da nasa, Mama har da tashi tana kwaikwayo.

Baba ya shiga ya tarar da benci cike da mutane, mai karɓar kwalabe kuma tsohon ɗalibinsa ne, ya miƙe yana "Sannu da zuwa, Sa." Hedimasta guda, dattijon coci, ya buɗe baki a gaban jama'a ya ce ya kawo fitsarin kare? Harshe ya ƙi.

"Sunan mara lafiya, Sa?"

"Gimbiya."

"Gimbiya wa?"

"Gimbiya... Iliya."

"Shekara nawa?"

Shekararta huɗu. Amma Baba ya tuna na ce masa a hira shekarar kare ɗaya kamar bakwai ce ta mutum, shi kuma ba ya wasa da lissafi. Ya ce, "Ashirin da takwas."

"Tana da aure?"

"A'a. A gidana dai take."

Yaron ya rage murya don ladabi, ya ce, "Sa, irin wannan ciwon, wani lokaci akan duba har da wanda suke tare."

Baba ya ce da ƙarfi, "Ba ta zuwa ko'ina! Ni kaɗai take bi."

Yaron bai faɗa wa kowa ba, ya san aikinsa. Amma a kan bencin nan akwai wata mata 'yar zumuntar matan cocinsu, ta zo gwajin zazzaɓi, ta koma gida da abin da ya fi maganin zazzaɓi. Kafin Lahadi, mata biyu suka yi sallama a gidan Baba, fuska a jiƙe, sun zo ƙarfafa wa Mama gwiwa. Suka yi ta kewaye-kewaye, har ɗaya ta ce, "Mama, mun ji labarin Gimbiya. Ki yi haƙuri, maza sai addu'a."

Mama ta gane nan take. Wata ce da ta warware musu. Ita kuwa ta gyara ɗaurin zani ta yi tagumi.

"Ai kun ji kaɗan. Fara ce sol, gashi har ƙasa. Ba ta cin tuwo."

"Yesu! A cikin gidan nan take?"

"A ɗakinsa. A wajen ƙafafunsa take kwana. Ni ke mata wanka."

"Ke ke mata wanka! Kuma kin yarda?"

"Yaya zan yi? In bai gan ta ba ba ya cin abinci. Ran nan da idona na gan shi a durƙushe yana mata waƙa."

Ɗaya ta fara hawaye, ɗaya ta ce wannan magana sai ta kai gaban Fasto. Mama ta ce, "Bari ta zo ta gaishe ku, ku yi mata faɗa da kanku. Gimbiya! Fito ga baƙi." Gimbiya ta fito daga ƙarƙashin kujera tana kaɗa wutsiya, ta shinshina baƙi, ta wuce bakin ƙofa, ta zaɓi takalmin mai kai ƙara wurin Fasto, ta tsuguna.

Sakamako ya fito. Ƙwayar ta haddace ja-da-yalo, wannan ban yi mamaki ba. Abin da ya sa na gode wa Allah da aka yi shukar, maganin da na fara ba ta ma ba ya taɓa ta. Da hanyar farko na bi, da mun zauna muna jira ciwo yana hawa zuwa ƙoda. Akwai wani da ke kashe ta, na mutane ne, ƙwaya ɗaya ta yi wa Gimbiya yawa nesa ba kusa ba, sai da na zauna da reza ina yanka ta gida-gida daidai nauyinta. Na ce a ƙara mata ruwa, a zuba ɗan romo a ciki don ta sha da yawa, a riƙa fitar da ita akai-akai.

Ba ta maganin ma wani yaƙin ne. Baba ya buɗe bakin ya jefa, ta haɗiye miyau ta dube shi da ladabi, yana juya baya ta tofar a bayan kujera. Mama ce ta gano tarin ƙwayoyi tana shara. Sai ta koma cusa maganin a cikin tsokar soyayyen kifi, Gimbiya ta riƙa karɓa tana neman ƙari. Ba a jima ba jan ya ɗauke, kuka ya tsaya, takalma suka huta. Baba ya bugo mini waya ya ce ta warke, a daina ɓarnar kifi. Na ce, "Baba, kana sallamar ɗalibi a tsakiyar zango don ya ci gwajin farko?" Ya ce a'a. Aka shanye magani har ƙarshe. Muka sake gwaji, fitsari ya fito fes kamar ruwan rijiya.

Ranar da suka zo jin wannan sakamakon, Baba ya ce wa Mama ta fita ta tare musu keke. Tana fita ya jawo kujera kusa da ni, ya yi ƙasa da murya.

"Likita, akwai wani abokina."

"Na'am, Baba."

"Shi ma haka yake fama. Ya tashi ya je, ya tsaya, ya tsaya, ɗigo kaɗan. Ya dawo ya zauna, ya sake tashi. Ya daɗe a haka."

"Abokin nan naka, zai kai shekara nawa?"

"Sa'ana ne."

"Ya sha wani abu?"

Can ya ce, "Ja-da-yalo."

"Rabi-rabi?"

"Rabi-rabi."

Na ce masa ni iyakata mai ƙafa huɗu, amma abokinsa ya tafi asibiti gobe, ba jibi ba, don namiji mai shekaru in fitsari ya fara masa gardama ba a sa masa ido, wata rana toshewa yake yi gaba ɗaya. Ya ce to, amma kada Mama ta ji, abokin ba ya son surutu. Sai muryar Mama daga bakin ƙofa: "Na fi shekara ina faɗa wa abokin nan nasa. Keke na jira, gobe ni zan raka shi."

Suka je. Likitoci suka ce wata tsoka ce a wuyan mafitsara ta kumbura, irin ta dattawa, kuma an zo a kan lokaci, magani zai riƙe ta ba sai an yi aiki ba. Suka ɗora shi a kan ƙwaya kullum.

Bayan wani lokaci na bi ta Tirwun da safe zan yi wa Gimbiya allurar shekara. Na tarar da Baba a kan kujera a tsakar gida, ya harɗe hannu a ƙirji, ga ƙwayarsa a ɗan faranti, ga kofin ruwa, ya kau da kai. Gimbiya tana zaune a gindin kujera tana kallonsa.

Na ce, "Baba, lafiya? Maganin ba ya karɓar ka ne?"

Ya ce, "Magani lafiya lau. Adalci nake nema. A gidan nan an yi mara lafiya, kullum da kifi ake ba shi magani. Ni da na gina gidan, ruwa."

Mama ta fito daga kicin da tsokar kifi a hannu, ta ɗauki ƙwayar ta cusa a ciki, ta tsaya a gabansa. Ta ce, "Zauna da kyau." Ya gyara zama. Ta ce, "Buɗe." Ya buɗe, ta sa masa, ya tauna ya haɗiye.

Ta ce, "Ɗaga harshe in gani."